Dogon Hutu A Ƙauyukan Ingila: A Fara Da Maganar Masauki Kafin A Ɗaure Kaya

Galibin mutanen ƙasar nan da ke zuwa hutu Ingila, Landan ce farkon tafiyarsu, ita ce kuma ƙarshenta. Su sauka a otel ko gidan wani ɗan'uwa, su zaga kantuna, su ga likita, bayan mako biyu su juyo gida da akwatuna cike da tsaraba. Amma akwai waɗansu, ko da yake ba su da yawa, waɗanda wannan ya fara gundurarsu, musamman ma ma'aikatan da suka tara hutun shekara, da malaman jami'a, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a can suna so su yi dogon hutu tare da su. Irin waɗannan sukan so su nufi karkara, su sami mako biyar ko shida inda babu hayaniya. To, a nan ne maganar masauki takan zama babba. Wanda ya yi kuskuren otel a Landan, gari na wayewa sai ya koma na kusa da shi. Wanda kuwa ya yi kuskuren gida a ƙauye, ya riga ya biya kuɗin makonni, gidan da ke gaba kuma yana bayan dutse, shi ma da mutane a ciki.

Babu wurin da ya fi dacewa a yi misali da shi kamar lardin nan na arewa maso yammacin Ingila da Turawa ke kira Lake District, watau Lardin Tafkuna, cikin yankin Cumbria mai iyaka da Sukotland. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka da tafkuna da tumaki. A cikinta ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Ingila yake, watau Scafell Pike mai mita 978, haka kuma tafkin da ya fi kowane girma, Windermere, wanda tsawonsa ya kusa mil 11. A 1951 aka keɓe lardin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mazaunansa ba su wuce kimanin 40,000 ba, amma baƙin da ke shigarsa kowace shekara sun haura miliyan 15. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa mai niyya cewa ɗaki a wurin ba ya jiran kowa. Bahaushe ya saba da fatoma, ya saba kuma da cewa baƙon da dare ya yi wa a ƙauye gidan mai gari za a kai shi. A can babu fatoma, babu zauren mai gari. Wanda ya iso da iyali cikin watan Agusta bai kama wuri ba tun daga gida, to, yana iya kwana cikin mota.

A ɗauka magidanci ne da matarsa da 'ya'ya uku, suna da mako shida a hannu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Ina za su sauka?

Irin masaukan da ake da su

Otel ba sai an daɗe a kansa ba. Iyali mai mutum biyar ɗaki biyu za su kama, su kuma sayi abinci sau uku a rana har kwana 42. Wanda aljihunsa zai ɗauki wannan ba ya bukatar shawarar jarida.

Na biyu shi ne abin da suke kira gidan kwana da karin kumallo. Gida ne na mutane, sau da yawa ma gidan gona, inda matar gida ke ware ɗaki biyu ko uku domin baƙi, ta kuma dafa musu abincin safe. Yana da daɗi ƙwarai, domin a nan ne baƙo zai zauna da 'yan gari ya ji labarin wurin daga bakinsu. Amma fa an tsara shi ne domin kwana biyu ko uku. Ba a bai wa baƙo madafa, ana kuma sa ran da an gama karin kumallo zai fita yawo sai yamma. Karin kumallon nasu na gargajiya kuwa akwai naman alade a cikinsa, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, saboda haka tilas Musulmi ya faɗa tun ranar da ya kama ɗakin. Ba sa jin haushi, sai su kawo ƙwai da wake da kifi da burodi. Matar da ta saba da tukunyarta dai, in ta yi mako guda ba ta ɗora sanwa ba, hutun ya fara zame mata horo.

Akwai kuma masaukan matasa na ƙungiyar YHA, wadda aka kafa a 1930. Suna da araha, gadajensu masu hawa biyu ne, madafa ɗaya ce ta kowa da kowa, yanzu kuma da yawa daga cikinsu suna da ɗakunan iyali. Ɗaya daga cikinsu, Black Sail, tsohuwar bukkar makiyaya ce a ƙuryar kwarin Ennerdale, motar baƙo ba ta zuwa wurin, sai a ƙafa ko a keke. Ɗalibi mai jini a jika zai so shi. Dattijuwa mai ciwon gwiwa kuwa sai dai a nuna mata hotonsa.

Wanda ya dace da doguwar zama shi ne na huɗu, watau gidan ƙauye da ake bayarwa haya mako-mako, da gadajensa da zannuwansa da tukwanensa da injin wanki, baƙo ya yi cefanensa ya dafa abin da ya ga dama. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a lardin. Waɗansu na manoma ne, waɗansu na mutanen birni ne da suka saya suka damƙa wa kamfanonin dillanci, waɗansu kuma na ƙungiyar National Trust ne, wadda aka kafa a 1895 domin kiyaye filaye da tsofaffin gine-gine, wadda kuma ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lardin. Wani abin sha'awa shi ne, wani rabo na wannan ƙasa wasiyya ce ta wata marubuciyar littattafan yara, Beatrix Potter, wadda ta sayi gonar Hill Top a 1905 da kuɗin littattafanta, ta yi ta ƙara saye, har da ta rasu a 1943 ta bar wa ƙungiyar kimanin eka 4,000 da gonaki fiye da goma.

Hayar irin wannan gida tana da ƙa'idodin da ya kamata a sani tun da wuri. A lokacin cunkoso, mako yakan fara ne ranar Juma'a ko Asabar, ya ƙare ranar da ta zagayo. Ana shiga wajen ƙarfe huɗu na yamma, ana fita ƙarfe goma na safe, domin masu shara su gyara wa baƙin da ke tafe. Sau da yawa babu wanda zai tarbi mutum, sai dai a aiko masa da lambobin da zai buɗe wani ɗan akwati a jikin bango ya ɗauki makulli. Ana biyan kafin alƙalami ranar da aka kama gidan, ragowar kuɗin kuma a cika su kamar mako shida ko takwas kafin ranar shiga. Har ila yau, masu gidaje da yawa ba sa yarda su bai wa mutum ɗaya gida fiye da mako huɗu a jere, domin a wajen masu haraji hayar hutu ita ce wadda ba ta wuce kwana 28 ba, abin da ya zarce haka kuma ya fara kama da hayar zama, mai nata dokoki dabam. Ke nan magidancin nan mai mako shida, ko yana so ko ba ya so, da wuya ya ƙare hutunsa a gida ɗaya.

Tsakanin biza da kafin alƙalami

A nan ne ɗan Nijeriya ke shiga tsaka mai wuya, irin wadda baƙon da ya fito daga Manchesta bai san da ita ba. Dogon hutun makarantun ƙasar nan ya faɗa daidai da na makarantun Ingila, wanda ke farawa a ƙarshen Yuli ya ƙare farkon Satumba. A cikin waɗannan makonni shida ne kowa ke neman gida, kuɗin haya kuma yakan ninka na watan Nuwamba. Gidaje masu kyau, masu ɗaki uku, kusa da hanya, akan fara kama su tun watan Janairu, waɗansu ma tun bara. Ita kuwa bizar baƙunci ta Birtaniya, wadda ke ba da iznin zama har wata shida, ba a karɓar takardar nemanta sai tafiya ta rage wata uku, amsa kuma takan ɗauki kamar mako uku in komai ya tafi daidai. Watau mai son tashi a ƙarshen Yuli ba zai iya nema ba sai ƙarshen Afrilu, ba zai kuma san matsayinsa ba sai tsakiyar Mayu. In ya jira biza, gidajen kirki sun ƙare. In ya biya gida aka hana shi biza, kuɗinsa sun tafi, domin inshorar tafiya ba kasafai take ɗaukar irin wannan asara ba.

Takardar neman bizar tana tambayar inda mutum zai sauka da kuma abin da yake tsammanin zai kashe, amma hukumomin Birtaniya ba sa ɗaukar rasiɗin otel a matsayin hujja, su da kansu ma suna ba da shawarar kada a kashe kuɗin tafiya sai amsa ta fito. Wannan ya bambanta da ƙasashe irin su Faransa da Jamus, inda ake neman shaidar masauki tare da takardu. Dabarar da ta rage ita ce mutum ya kama gida da wuri, amma ya karanta sharuɗɗan fasawa kalma bayan kalma, ya zaɓi wanda ke mayar da kuɗi in an fasa da wuri, ko da ya ɗan fi tsada. In babu irinsa, to, ya tabbata abin da zai rasa bai wuce kafin alƙalami ba, ya kuma miƙa takardar biza a ranar farko da doka ta yarda, domin amsa ta riga ranar cika ragowar kuɗi, wadda za ta faɗo cikin watan Yuni. Wanda 'ya'yansa suka girma, ba ya ɗaure da hutun makaranta, gara ya ɗaga tafiyar zuwa Mayu da Yuni ko Satumba, ya sami gida cikin sauƙi da rangwame.

Sunan wuri ba shi ne wurin ba

Hoton gida ba ya ƙarya game da gidan. Abin da yake ɓoyewa shi ne nisan da ke tsakanin ƙofar gidan da burodi. Labarin garin Windermere ya isa misali. Sa'ad da aka kawo hanyar jirgin ƙasa a 1847, duk da adawar da mashahurin mawaƙin nan William Wordsworth ya yi mata don gudun kada 'yan birni su cika wurin, dogon bai kai bakin tafki ba. Ya tsaya ne a wani ɗan ƙauye mai suna Birthwaite, kamfanin jirgin kuwa ya laƙaba wa tashar sunan tafkin domin ya jawo fasinja, daga baya garin da ya tsiro a wurin ya gaji sunan. Har yau baƙo yakan sauka a tashar Windermere yana waige-waigen ruwa, alhali kuwa ruwan yana Bowness, kimanin mil ɗaya da rabi a gangare. Haka nan, gidan da aka ce yana kallon tafkin Windermere yana iya kasancewa a gaɓar yamma, inda ake ƙetarawa da wani jirgin fito mai ɗaukar motoci wanda igiyar ƙarfe ke ja. Ran da iska ta yi ƙarfi ko aka tsayar da jirgin don gyara, sai an zagaye tafkin, tafiyar fiye da mil 10, kafin a kai kantin da ake hangowa ta taga.

Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa mai gida ba ta yawan ɗakuna ba ce kawai. A tambaye shi minti nawa ne a ƙafa zuwa kanti mafi kusa, minti nawa zuwa inda motar safa ke tsayawa, sau nawa take wucewa a rana, kuma tana zuwa ranar Lahadi? A tambaye shi ko wayar hannu tana kamawa a cikin gidan, domin akwai kwaruruka da dama inda sai an hau tudu ake samun magana. Mai gidan da ya amsa da cewa wurin shiru ne ƙwarai, bai faɗi minti ba, to, ya riga ya ba da amsa.

Lardin yana da hanya guda wadda ita ce ƙashin bayansa. Daga tashar Euston ta Landan jirgin ƙasa yakan kai Oxenholme cikin kamar awa uku, akwai kuma wanda ke zuwa can daga filin jirgin saman Manchesta. Daga Oxenholme wani ɗan reshe ya ratsa Kendal ya tuƙe a Windermere. Daga nan sai hanyar mota mai lamba A591 ta miƙa arewa ta Ambleside da Grasmere har Keswick, garin da ake furta sunansa Kezik, motar safa mai lamba 555 kuma tana bin ta rani da damina. Keswick ta rasa jirginta tun 1972, yanzu sai a sauka Penrith a shiga safa. Duk gidan da ke kan wannan layi, ko kusa da shi, ana iya zama cikinsa wata guda ba tare da mota ba. Da zarar an kauce masa kuwa, sai a yi hattara, domin waɗansu motocin safa na kwaruruka na lokacin bazara ne kawai, waɗansu wuraren kuma kamar ƙuryar Wasdale babu ta kullum sam.

Mai cewa ai mota zai ɗauka haya, doka ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasin ɗin ƙasarsa har wata 12. Sai dai ya tuna a hannun hagu ake tuƙi, abin da Nijeriya ta bari tun watan Afrilun 1972, watau ban da tsofaffin direbobi babu wanda hannunsa ya taɓa sabawa da shi. Hanyoyin ƙauyukan kuma 'yan sirara ne, katangar dutse dama da hagu, in an haɗu da wata mota sai ɗaya ta ja da baya zuwa inda aka ɗan faɗaɗa. Mashigin Hardknott, wanda taswira ke nunawa kamar gajeriyar hanya zuwa yamma, yana cikin hawa mafi tsanani a Ingila duka, ga shi da kwana-kwana. Ban da haka, hayar motar da za ta ɗauki mutum biyar da kayansu har mako shida, da mai, da kuɗin ajiye ta a kowane gari, kuɗi ne da zai yi gogayya da na gidan kansa. Abin da ya fi shi ne a ɗauke ta na mako guda, makon da za a shiga lungu.

Ruwa, sanyi da tsawon rana

Ba banza tafkunan suka cika ba. Ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale shi ne wurin zaman mutane da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Ingila, yana samun sama da milimita 3,000 a shekara, watau ya ninka na Kano fiye da sau uku, kuma babu watan da ba a yi. A Disambar 2015, lokacin guguwar da aka sa wa suna Desmond, an auna milimita 341 cikin awa 24 a mashigin Honister, ruwa ya shiga gidaje a Kendal da Keswick da Carlisle, ya kuma yanke hanyar A591 tsakanin Grasmere da Keswick, ba a buɗe ta ba sai watan Mayun 2016. Ba a cewa irin wannan za ta faru cikin Agusta, amma iyalin da za su yi mako shida su sa a ransu cewa kwanaki da dama a ɗaka za su wuni. Ɗan ƙaramin gida mai kyan hoto, in yara uku suka yi kwana uku a kulle cikinsa, kowa zai san girmansa na gaskiya. A nemi mai falo wadatacce da wurin busar da tufafi.

Ko a tsakiyar bazara zafin wurin ba kasafai yake wuce digiri 20 da yawa ba, dare kuwa sai ka ce Jos da hunturu. Tsofaffin gidajen na dutse ne, bangonsu mai kauri, suna riƙe sanyi. Lalle a tambaya ko kuɗin ɗumama gida da na lantarki suna cikin haya, in kuma murhun itace ne, wa ke kawo itacen. Mai tafiya da tsoho ya tambayi matakala, domin da yawansu a tsaye suke kamar tsani, makewayin kuma sau da yawa ɗaya ne, a sama. Buta dai a sa ta cikin akwati tun daga gida. Uwargida kuma ta haƙura da turaren wuta, saboda kowane gidan haya yana da na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi. Abu ɗaya da ba zai ba da wahala ba shi ne filogin lantarki, irin na Nijeriya ne mai ƙafa uku, agogonsu ma a lokacin bazara daidai yake da na ƙasar nan.

Tsawon rana ne zai fi ba baƙo mamaki. A ƙarshen Yuni rana takan fito kafin ƙarfe biyar na safe, ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, shafaƙi kuma ba ya gushewa sosai har gari ya waye, abin da ya sa masallatan ƙasar suke da jadawalin da suke bi wajen Isha'i da Asuba. A karɓi na masallaci mafi kusa a riƙe. A shekarun 2015 zuwa 2017, da azumi ya faɗo cikin Yuni, masu azumi a can sun riƙa kai awa 18 da ɗoriya. A Disamba kuma akasin haka ne, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda aka saba. Gidan da labulensa ba su da kauri kuwa, yara ba za su yarda dare ya yi ba.

Kirista ba shi da matsala, kusan kowane ƙauye da tsohuwar majami'arsa. Musulmi mai son Juma'a kuwa sai ya nufi garuruwan gefe, irin su Lancaster a kudu ko Carlisle a arewa, kowannensu tafiyar kamar mil 30 ko fiye daga tsakiyar lardin. A waɗannan garuruwa, da kuma Preston da ke gaba da Lancaster, ake samun naman halal. Abin dariya ne mutum ya wuni tumaki na kewaye da shi ta ko'ina, amma sai ya shiga jirgi kafin ya sami tsokar da zai sa a miya. Don haka gidan da ke da babban firji mai daskarar da nama ya fi wanda ke da kyan lambu. Kada kuma a yi dabarar tahowa da kilishi ko dambun nama, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da madara daga ƙasashe irin Nijeriya, a filin jirgi za a karɓe. Sauran cefane ba wuya. Akwai babban kantin Booths a tsohon ginin tashar Windermere da kuma Keswick, kasuwar Keswick tana ci Alhamis da Asabar, 'yar gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara kuma tana tuƙuwa tuwo sumul. A dai tuna manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su ranar Lahadi.

Mai tafiya da maras lafiya ko mace mai ciki ya ƙara da duba nisan asibiti. Manyan asibitocin da ke karɓar haɗari dare da rana duk a gefen lardin suke, watau Lancaster da Barrow da Whitehaven da Carlisle. Duba mutum a sashen gaggawa kyauta ne, amma in aka kwantar da baƙo za a caje shi kuɗin jinyar da ƙarin rabinsa a kai. Inshorar lafiya ba abin da za a yi wa rowa ba ne.

Yadda za a raba makonnin

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne son ganin ko'ina, yau nan gobe can, har hutun ya ƙare a ɗaure kaya da kwance kaya. Lardin bai kai girman da za a yi masa haka ba. Masauki biyu ko uku sun isa. Magidancin nan zai kyauta in ya fara da mako biyu a kudu, cikin Kendal ko Windermere ko ƙauyen Staveley da ke tsakaninsu a kan layin jirgi, inda kanti da likita da hanyar Lancaster suke kusa, har iyali su saba da sanyin da kuɗin da motocin. Sa'an nan ya ɗauki mota ya shiga kwari na mako guda, Langdale ko Borrowdale, a gidan gona. Ragowar mako uku kuma a Keswick, wadda ke da tafkin Derwentwater a bakin gari da wuraren da za a kai yara ran da ake ruwa. Wajibi ne ya daidaita ranakun, domin in gidan farko Juma'a ake fita, na biyu kuma Asabar ake shiga, akwai dare guda a tsakani da ba shi da rufi. Ko da ranakun sun dace, tsakanin goma na safe da huɗu na yamma awa shida ne da iyali za su yi da akwatuna a hannu, sai a roƙi mai gida tun da wuri ya yarda a ajiye kaya.

Wajen biya kuma, a bi ta hannun kamfanin dillancin da aka sani, ko shafuna irin su Airbnb da Booking.com, a kuma biya a cikin shafin. Akwai 'yan damfara da ke kwafar hotunan gidajen mutane su tallata a Facebook da rabin kuɗi, su ce a tura musu ta banki. Wanda ke Kaduna ko Legas ba shi da halin zuwa ya ga gidan da idonsa, saboda haka shi ne abincinsu.

Makon gidan gonar nan shi ne wanda ya fi cancanta a yi wahalar nemansa. Mutanen lardin suna da ƙorafi na gaskiya a kan gidajen hutu, domin masu kuɗin birni sun saye gidajen ƙauyuka har 'ya'yan wurin ba sa iya samun na zama, waɗansu ƙauyukan da hunturu rabin tagoginsu duhu ne. Wannan ne ya sa daga Afrilun 2025 aka bai wa ƙananan hukumomin Ingila ikon ninka harajin gida na biyu. Kuɗin da aka biya manomi kuwa a ƙauyen yake zama. Manoman nan sun sha wuya a 2001, lokacin da ciwon baki da kofato ya ɓarke, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya, Cumbria ce kuma ta fi ko'ina asara, tun daga nan da yawansu suka ƙara dogara ga saukar baƙi. A wurinsu ne yaro zai ga tumakin Herdwick masu furfurar fuska, waɗanda ake saki a kan dutse babu makiyayi babu shinge, kowace tunkiya ta san yankin da uwarta ta yi kiwo, ba ta ƙetare shi, ita ma ta koya wa 'yarta. Duk wanda ya taɓa bin garke zai so ya zauna da irin wannan manomi. Abin da yake nema wurin baƙo kaɗan ne: a bi turbar da aka shata, a bar ƙyauren gona yadda aka same shi, kada yara su kori tumaki.

Saura dare guda da akan manta da shi wajen lissafi, watau na ƙarshe. Daga Keswick sai an shiga safa zuwa Penrith, a jira jirgin ƙasa, a yi awa uku ko fiye zuwa Landan, sa'an nan a ratsa birnin da kaya zuwa filin jirgin sama, ranakun Asabar da Lahadi kuma su ne ranakun da aka fi gyaran dogo, a sauke fasinja a zuba su a motoci. Iyalin da suka mayar da makulli cikin akwatinsa ƙarfe goma na safiyar Asabar kada su sa ran jirgin Abuja ko Legas na wannan daren. Su kama ɗaki kusa da filin jirgin, su sayi tikitin Lahadi.